Burauzar da ke cikin wayarka, wa ya zaɓa maka ita?

Duk ranar Talata, idan kasuwar Mafara ta cika, rumfunan masu sayar da waya ba sa rabuwa da jama'a. Manomin da ya sayar da shinkafarsa ta Bakolori zai tsaya ya ɗauki Tecno ko itel ko Infinix, ya jujjuya ta a hannu, ya tambayi ƙarfin batir, ya tambayi kyamara, ya tambayi ko za ta ɗauki karatu da wa'azi da yawa. Idan ciniki ya faɗa, yaron shago zai saka masa layi, ya buɗe masa Gmail, ya sauke masa WhatsApp da Facebook, ya tura masa abin da yake so, ya miƙa masa. A duk wannan zaman ba za a ji an tambayi abu ɗaya ba: ta wace ƙofa wannan waya za ta riƙa shiga intanet? Ƙofar nan ita ce burauza, wato manhajar da ke buɗe shafuka. Kamfanin da ya ƙera wayar ya riga ya saka Chrome, wataƙila da Phoenix, yaron shago kuma ya ƙara Opera Mini don ya san ba ta cin data. Daga ranar, ta wannan ƙofar ce lambar NIN ɗin mutumin za ta wuce, da rajistar JAMB ta ɗansa, da cutar da ya ji kunyar tambayar likita ya rubuta ta a akwatin bincike da tsakar dare.

Ra'ayina shi ne, zaɓen burauza ya fi ƙarfin a bar wa mai ƙera waya da yaron shago, kuma arhar data kaɗai ba ta isa zama ma'aunin zaɓe ba. Amma kafin a kwatanta wata da wata, sai an raba abu biyu da aka saba haɗawa, wato tsaro da sirri. Tsaro shi ne ƙyaure da kwaɗo: kada ɓarawo ya shigo, kada shafin ɗan damfara ya dasa maka manhajar ɓarna, kada a sace kalmar sirrinka. Sirri kuwa katanga ce da labule: wa ke ganin shigarka da fitarka, wa ke rubutawa, wa yake sayar wa. Gida na iya samun ƙyauren ƙarfe alhali katangarsa ta zube, mai wucewa na kallon tsakar gida. Wani gidan kuma katangarsa doguwa ce, amma ƙofar zana ce. Haka burauzoji suke, kuma yawancin gardamar da matasa ke yi a kan wacce ta fi, ta samo asali ne daga cewa wannan na maganar ƙyaure, wancan na maganar katanga.

Mutanen Talata Mafara da Bakura da Maradun ba sa buƙatar wani ya zo daga nesa ya gaya musu cewa labari na iya kashe mutum. A watan Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe. A watan Agustan 2021 aka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, sannan ranar 1 ga Satumba aka ɗauke ɗalibai 73 a wata makarantar jeka-ka-dawo da ke ƙaramar hukumar Maradun. Kwana biyu bayan haka, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanoni su kashe sabis a duk faɗin Zamfara, bisa buƙatar gwamnan lokacin, Bello Matawalle, wanda shi ma ɗan Maradun ne. Babban dalilin da aka bayar shi ne infoma, masu kai wa 'yan bindiga rahoto ta waya. Jihar da ta yarda ta zauna makonni babu kira babu intanet saboda tsoron abin da waya ke fitarwa, ta riga ta fahimci darajar sirri fiye da mutanen Turai da ke rubuta littattafai a kansa. Ba ina cewa kamfanin burauza na kai wa ɗan bindiga rahoto ba ne. Infoma mutum ne, yana cikin gari, yana cin kasuwa tare da kowa. Abin da nake cewa shi ne, wanda ya koyi kame bakinsa a majalisa don kada a san ya sayar da shanu, bai kamata ya saki wayarsa tana zuba ba tare da ya san wa take gaya wa ba.

A fara da Opera Mini, domin ita ce ta fi shiga zuciyar talaka, kuma ta cancanci hakan. A garin da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, inda shafi ɗaya kan yi minti biyu bai buɗe ba, ita ce ke buɗewa. A 2020 kamfanin ya fara haɗa hannu da MTN da Airtel yana ba masu amfani da ita 'yar data kyauta. Sai dai ya kamata a san yadda take yin wannan abin al'ajabi. Idan ka sa ta a yanayin matse data mafi tsanani, wayarka ba ta zuwa shafin da ka nema kai tsaye. Tana aika buƙatarka ne zuwa uwar garken kamfanin Opera, ita uwar garken ta je ta ɗauko shafin, ta buɗe shi, ta rage nauyinsa, sannan ta turo maka. Kamar ka ba ɗan aike wasiƙa ne, da sharaɗin zai buɗe ta a hanya ya taƙaita ta don ta yi sauƙin ɗauka. Wasiƙar a rufe take daga hannunka zuwa hannunsa, a rufe take daga hannunsa zuwa wanda aka aika wa, amma a hannunsa a buɗe take. Kamfanin bai ɓoye wannan ba, shi da kansa ya bayyana cewa mai buƙatar cikakken rufi daga wayarsa har shafin da ya nufa, ya nemi cikakkiyar burauza. Idan labarin ƙwallo kake karantawa ko farashin taki, babu abin damuwa. Idan kuwa lambar BVN ce ko kalmar sirrin banki kake rubutawa, to ka sa mutum na uku a tsakani, kuma amanarka na wuyansa. Opera kamfanin Norway ne a asali, har yau hedikwatarsa na Oslo, amma a 2016 wasu masu zuba jari na ƙasar Sin suka sayi sashen burauzar a kan dala miliyan 600. Daga gidan ne OPay ta fito a 2018. Ban kawo wannan don zargi ba, na kawo shi ne don mai amfani ya san ɗan aikensa ɗan kasuwa ne mai sha'awar sanin harkar kuɗin jama'a.

Wadda hujja ta tabbata a kanta ita ce UC Browser, wadda matasa suka so saboda saurin sauke fim. A watan Mayun 2015, cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto ta binciki manhajar, ta gano tana fitar da lambar shaidar waya da ta layi da bayanin inda mutum yake, wasu babu rufi ko kaɗan, wasu da rufi mai rauni. A daidai lokacin, takardun da Edward Snowden ya fallasa suka nuna cewa hukumomin leƙen asirin ƙasashen Yamma sun riga sun gano wannan yoyon suna ɗiba. Wato kamfanin ƙasar Sin mai manhajar ne ya bar tulun a fashe, wasu can daban suka tara ƙwarya. Indiya ta haramta manhajar a watan Yunin 2020, sannan a 2021 wani mai bincike, Gabi Cirlig, ya nuna tana aika adireshin shafukan da mutum ya ziyarta zuwa uwar garkenta ko da ya kunna yanayin ɓoye. Manhajar da aka kama sau biyu cikin shekara shida da laifi iri ɗaya ba ta da wani uzuri, kuma ba ta da gurbi a wayar da ake hulɗar kuɗi da ita.

Akwai masu ganin duk abin da ya zo cikin kwali daga kamfani lafiyayye ne, matsala sai abin da ka sauke da hannunka. Abin da ya faru da Tecno W2 ya rushe wannan zato. A 2020 masu binciken Secure-D suka gano manhajojin ɓarna, Triada da xHelper, a cikin irin wannan waya kimanin 53,000 a ƙasashe irin su Habasha da Kamaru da Masar da Ghana da Afirka ta Kudu. Da su aka sayar da wayoyin, suna cinye data suna yi wa mutane rajistar abin da ba su nema ba. Kamfanin Transsion, mai Tecno da Infinix da itel, ya ce wani ɗan kwangila ne a layin ƙira ya jawo, ya kuma fitar da gyara. Wannan ba laifin burauza ba ne, amma darasinsa ya shafe ta: kasancewar manhaja ta zo tare da waya ba shaida ba ce ta nagarta, shaida ce kawai ta cewa an yi yarjejeniyar kasuwanci. Phoenix da ke zuwa cikin yawancin waɗannan wayoyi tana buɗewa ne da jerin labarai da tallace-tallace, kuma duk manhajar da abincinta talla ne, tana da dalilin son ta san ka.

Sai Chrome na Google, wanda in ana maganar ƙyaure da kwaɗo, da wuya a samu wanda ya fi shi a wayar Android. Yana ware kowane shafi a ɗakinsa, ta yadda shafin ɓarna ba zai tsallaka ya taɓa sauran waya cikin sauƙi ba. Yana fitar da sabuntawa a kai a kai, idan kuma an gano ɓaraka mai haɗari, a kan toshe ta cikin kwanaki. Yana da jerin shafukan damfara, idan ka doshi ɗaya sai jan allo ya tare ka da gargaɗi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a yankin da kusan kowane mako ake yaɗa liƙau a rukunonin WhatsApp da sunan tallafin gwamnati ko ɗaukar aiki ko rabon data, a ce ka shigar da sunanka da NIN da lambar asusu. Liƙau ɗin da ka latsa a WhatsApp yawanci yana buɗewa ne a burauzar da aka naɗa a matsayin ta farko a wayarka, saboda haka wadda ke riƙe da wannan matsayi ita ce mai gadin ƙofa. Amma duk wannan ƙarfin na Chrome ya rataya ne a kan sharaɗi ɗaya, wato sabuntawa, kuma a nan ne muke faɗuwa. Mutane da yawa sun kashe sabuntawa da gangan don kada ta cinye musu data, ko don ma'ajiyar waya ta cika. Wasu kuma wayar ce ta tsufa: tun watan Agustan 2025 Chrome ya daina fitar da sabon zubi ga Android 8 da 9, kuma irin waɗannan wayoyi na hannu na nan birjik a kasuwanninmu. Chrome ɗin da ya shekara biyu ba a sabunta ba suna ne kawai ya rage masa, kwaɗon ya yi tsatsa, kuma ɓarayi sun daɗe da yanka makullinsa.

Idan aka koma ga katanga, Chrome ba shi da abin alfahari. Mafi yawan kuɗin Google daga talla yake zuwa, talla kuma ba ta tsada sai an san wanda ake yi wa. Yaron shago ya riga ya shigar da Gmail ɗinka tun ranar farko, saboda haka abin da ka bincika na iya haɗuwa da sunanka, da inda kake, da abin da ka kalla a YouTube. Shekaru Google na alkawarin zai kawar da 'yan alamomin nan da kamfanonin talla ke liƙa wa mutum suna binsa daga shafi zuwa shafi, waɗanda ake kira kukis na waje, sai a watan Yulin 2024 ya janye alkawarin. Safari na Apple ya toshe su tun 2020, sai dai iPhone ba wayar manomi ba ce. Ga kuma yanayin Incognito, wanda mutane da yawa suka ɗauka layar zana ce. An kai Google ƙara a Amurka a 2020 kan cewa yana tattara bayanan mutane ko da suna cikin wannan yanayi, kuma a 2024 ya amince zai goge biliyoyin bayanai ya kuma gyara bayanin da yake nuna wa masu amfani. Incognito ba ya ɓoye ka daga shafin da ka shiga, ba ya ɓoye ka daga kamfanin layinka. Aikinsa ɗaya ne, ya hana a bar sawu a cikin wayar kanta. Zan dawo kan wannan, domin a wurinmu wannan aiki ɗaya yana da amfani fiye da yadda ake zato.

Masu gina katanga da gaske su ne irin su Firefox da Brave. Firefox na gidauniyar Mozilla ne, tun 2019 yake toshe masu bin sawu ba tare da an ce ya yi ba, kuma a Android yana karɓar ƙarin manhajar toshe talla irin uBlock Origin, abin da Chrome na waya ba ya yarda da shi. A lokacin da Chrome ya juya wa Android 8 da 9 baya, Firefox ya ci gaba da kula da su, wanda hakan ya sa ya zama mafita ga mai tsohuwar waya. Brave kuwa an gina shi ne a kan ginshiƙin da aka gina Chrome, saboda haka ya gaji yawancin ƙarfin ƙyaurensa, sannan ya ƙara toshe talla da masu bin sawu tun daga buɗewar farko. A 2020 Farfesa Douglas Leith na Kwalejin Trinity da ke Dublin ya auna abin da burauzoji shida ke aikawa gida a ɓoye. Brave ya fi kowa kame baki, Chrome da Firefox da Safari suka zo tsakiya, Edge na Microsoft da Yandex na Rasha suka zo ƙarshe. Su ma masu gina katangar ba waliyyai ba ne. A 2020 ɗin aka kama Brave yana cusa lambar kamasho a adireshin wasu shafukan kuɗin kirifto, shugabansa ya ba da haƙuri aka cire. A 2022 aka gano burauzar DuckDuckGo na ɗaga wa masu bin sawu na Microsoft ƙafa saboda wata yarjejeniya, ita ma ta gyara. Mozilla kuma mafi yawan kuɗinta daga Google yake zuwa, ladan sanya shi a matsayin injin bincike na farko. Wani zai ce to ai duk kanwar ja ce. Ban yarda ba. Waɗannan laifuffuka sun fito fili, an gani, an yi magana, an gyara cikin ɗan lokaci. Akwai bambanci tsakanin wanda aka kama ya tuba da wanda aka kama ya maimaita.

Babbar hujjar da za a kawo mini ita ce kuɗi, kuma hujja ce mai nauyi. A watan Janairun 2025 NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Ɗalibin da ke ƙirga megabait kamar yadda uwar gida ke ƙirga mudun hatsi ba zai ji daɗin a ce masa ya bar abin da ke rage masa kashe kuɗi ba. Amsata biyu ce. Ta farko, babban kaso na nauyin shafukan yau talla ne da hotuna masu motsi da manhajojin bin sawu, kuma da datarka ake sauke su. Burauzar da ta toshe su ta rage maka kashe data ba tare da ta buɗe wasiƙarka ba. Ba za ta kai Opera Mini matsi ba, amma tazarar ba ta kai yadda ake tsoro ba. Ta biyu, babu wanda ya ce dole sai ɗaya. Ɗan kasuwa ba ya zuba kuɗin jari a aljihun da yake sa goro. A bar Opera Mini ga labarai da sakamakon wasa da karatun da ba ya buƙatar suna, a ware wata, sabuntacciya, ga duk abin da ya shafi kuɗi, ko NIN, ko makaranta, ko lafiya. Sabuntawar da ake gudu kuwa, kuɗinta a wata bai kai abin da ake kashewa a kallon bidiyo na yini ɗaya ba, kuma asarar da take karewa na iya zama kuɗin amfanin gona na shekara.

Hujja ta biyu ita ce wadda aka fi ji: ni ba ni da abin ɓoyewa. Bahaushe da ya gina zaure ya kuma gina soro na biyu kafin a kai tsakar gida bai yi haka don yana aikata laifi a ciki ba. Rufin asiri addu'a ce da muke yi kullum, kuma ba masu laifi ke yin ta ba. Mai bashi na da abin rufewa, mai jinya na da shi, matar da ke neman maganin haihuwa na da shi, haka mai shirin aurar da 'ya ko sayen fili. Mun ga abin da ke faruwa idan bayani ya faɗa hannun da bai dace ba, lokacin da manhajojin ba da rance suka riƙa kwashe lambobin da ke wayar mutum suna aika wa surukai da abokan aiki saƙon cewa wane ɓarawo ne, har sai da hukumar NITDA ta ci tarar ɗaya daga cikinsu naira miliyan 10 a 2021. Sannan a wurinmu waya ba ta mutum ɗaya ba ce. Tana kwana a shagon caji cikin wayoyi hamsin, tana yini a wurin mai gyara, ƙane na ara, aboki na ara, wani lokaci a hanya a ƙwace ta. Ka dubi shagon kwamfuta a lokacin rajistar jarrabawa: yara sun yi layi, kowa ya zauna ya shigar da adireshinsa da kalmar sirrinsa, burauza ta tambaya ko ta adana, mai shago cikin sauri ya latsa eh, na gaba ya zauna a kujerar tun ba ta huce ba. Zuwa yamma kwamfuta ɗaya na riƙe da makullan mutum talatin. A nan ne Incognito ke da rana. Duk wanda zai shiga asusunsa a na'urar da ba tasa ba, ya buɗe wannan yanayin, ya gama ya rufe. Wanda kuma ke barin burauza ta adana masa kalmar sirri a wayarsa, to lallai wayar ta kasance da makulli, don in ba haka ba duk wanda ya riƙe ta ya riƙe komai.

Akwai kuma masu cewa a jihar da ke fama da 'yan bindiga, koya wa mutane ɓoye sawu taimakon miyagu ne. Na fahimci inda wannan tsoro ya fito, amma an ɗora shi a inda bai dace ba. Burauzar da ke toshe kamfanonin talla ba ta ɓoye waya daga turken sabis, ba ta goge rajistar layi da aka haɗa da NIN tun umarnin Disambar 2020, ba ta taɓa kiran da ɗan bindiga ke yi yana neman kuɗin fansa. Abin da jami'an tsaro ke bi yana nan yadda yake. Wanda ke rasa wani abu idan ka gina katangarka shi ne dillalin talla da ɗan damfara, kuma babu ɗayansu da ke tsare Maradun.

Dole kuma a faɗi iyakar abin. Babu burauzar da za ta ceci mutumin da ya rubuta lambar sirrin katinsa da hannunsa a shafin ƙarya. Jan allon gargaɗi na kama shafukan da aka riga aka kai ƙararsu ne, wanda aka buɗe jiya da dare don mutanen Zamfara kaɗai zai iya wucewa. Shekaru ana gaya wa mutane su duba alamar kwaɗo a saman shafi, alhali ma'anarta kawai ita ce hanyar da ke tsakaninka da shafin a rufe take, ba ta ce mai shafin mutumin kirki ne ba. Ɗan damfara ma na iya samun ta kyauta. Rashin fahimtar ya yi yawa har Chrome ya cire alamar a 2023. Abin dubawa shi ne adireshin kansa. Yawancin shafukan hukumomin gwamnatin Najeriya suna ƙarewa ne da gov.ng, kuma babu hukumar da ke rabon tallafi da sharaɗin sai ka tura saƙo ga rukuni biyar. Haka kuma idan Facebook ko TikTok suka buɗe maka shafi a cikin kansu, ka fita ka buɗe shi a burauzarka kafin ka rubuta wani abu mai muhimmanci, domin a can kana cikin ɗakin mai manhaja ne.

Ta fuskar doka an ɗan motsa. Tun watan Yunin 2023 Najeriya na da Dokar Kare Bayanai da hukumar da ke kula da ita, a 2024 kuma hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta ci tarar kamfanin Meta dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Najeriya. Amma doka na Abuja, wayar na Bakura, kuma kafin hukunci ya iso bayanin ya riga ya fita. Waɗanda ke da ikon sauya lamarin a yau su ne waɗanda hannunsu ke fara taɓa wayar: masu sayarwa, masu gyara, masu tura fina-finai, masu shagon kwamfuta. Su ne malaman fasaha na gaskiya a garuruwan nan, abin da suka ce shi jama'a ke bi. Ɗaliban kwamfuta na Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara na iya zama da ƙungiyar masu waya na yini ɗaya su nuna musu wannan, ba sai an jira kasafin kuɗi ba.

Hukuncina shi ne wannan. UC Browser a cire ta. Opera Mini a bar ta ga karatu, kada a rubuta sirri a cikinta. Ga mai waya sabuwa, Brave ko Chrome da ake sabuntawa su riƙe ƙofar farko, Brave in yana son katanga tare da ƙyaure. Ga mai tsohuwar waya da Chrome ya yasar, Firefox. Ku kuma 'yan'uwa masu rumfunan waya a Mafara da Bakura da Maradun, mutumin da ya miƙo muku sabuwar wayarsa ya ce ku saita masa, amana ya ba ku. Ku ƙara minti biyar a kan aikin: ku kunna masa sabuntawa, ku sa masa makulli, ku naɗa masa burauzar kirki a matsayin ta farko, sannan ku nuna masa da yatsa wacce zai buɗe idan maganar kuɗi ce.